Asarar da Alhaji Ya Kasa Ambata

Shekara biyu da wata huɗu na yi ina riƙe da littafin kaya a wani ofishin kago da ke hawa na tara, cikin ɗaya daga dogayen benayen unguwar Xiaobei a birnin Guangzhou. Aikina shi ne duk kwalin da ɗan kasuwa ya kawo a auna shi a gabana, in rubuta nauyinsa da sunan mai shi da garin da za shi, in ba shi takarda, sannan in bi sawun kayan har a rufe kwantena. Karatu ne ya kawo ni Guangzhou. Da na kammala, mai ofishin, wanda kowa ke kira Alhaji, ya ɗauke ni saboda ina jin Sinanci, ina iya yin musu da direbobin manyan motoci da masu sito ba tare da tafinta ba. Takardar izinin zamana a ƙasar a kan sunan ofishinsa take. Idan ya sallame ni, kuma babu wani mai ofis da ya yarda ya ɗauke ni, sai dai in tattara kayana in koma gida.

A duk tsawon zamana ban taɓa ɓatar da kwali ko ɗaya ba. Ina so a san wannan kafin a ji abin da aka faɗa a kaina.

Alhaji mutumin Kano ne, ya haura hamsin, mai fara'a, mai sakin hannu. Ofishin ɗaki biyu ne. A na waje akwai sikeli da teburina da benci na baƙi. Na ciki nasa ne, kuma katako ne marar kauri ya raba su. Tsakanin azahar da la'asar aiki yakan mutu, domin 'yan kasuwa duk suna kasuwar Zhanxi Lu suna cinikin takalma, sai da yamma suke dawowa da kaya. A waɗannan sa'o'i ne wani abokinsa, ɗan canji daga unguwar Dengfeng, yakan zo su shiga ciki su turo ƙofa. Na daɗe ina jin wata ƙara ƙasa-ƙasa daga wayarsa, kamar ana zuba tsakuwa a faranti, ban san ta mece ce ba, ban kuma tambaya ba.

Wata rana ya kira ni. "Malama, zo ki karanta mana wannan, Turancin ya yi mana yawa."

Na karɓi wayar. Koren tebur ne a fuskarta, da kujeru kewaye, kowace da baƙon suna. Kartar da ake kira foka ce, wadda ake bugawa ta intanet da mutanen da ba a taɓa gani ba: a raba wa kowa kati biyu a ɓoye, a jera biyar a tsakiya ɗaya bayan ɗaya, kowa yana zuba kuɗi yana fatan haɗinsa ya fi na saura. Saƙon da ke kai yana cewa ne a tabbatar da lambar sirri kafin a ci gaba. Na fassara masa, na mayar masa da wayarsa, na ce, "Alhaji, wannan ai caca ce."

Ya yi dariya. "Lissafi ne, Malama. Ke da kika yi boko mai zurfi ya kamata ki fi kowa ganewa."

Ɗan canjin ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ashe limamiya ka ɗauka aiki ba ka faɗa mana ba. Da mun zo da alwala."

Na faɗi abin da ya wajaba in faɗa sau ɗaya, na koma teburina, ban sake tayar da maganar ba. Mutum ne babba, ya san hukuncin addini fiye da yadda zan koya masa, ya kuma san dokar ƙasar da muke zaune ba ta ƙyale wannan abu ba.

Ban san tsawon lokacin da ya yi yana ci kafin wannan rana ba. Abin da na sani shi ne bayan wasu makonni abin ya juya masa, ya ƙi juyowa. Katakon ba ya ɓoye komai. Sai in ji ya buga tebur yana cewa, "Manya biyu ne a hannuna. Kati huɗu sun sauka, duk nawa ne. Na ƙarshen nan daga ina ya fito?" Abokin ya ce, "Daga inda na jiya ya fito." Haka kullum, katin ƙarshe ne yake yanka shi.

Na ga yadda mutum mai hankali yake fama da faɗuwa idan ta jeru, kuma har yau abin yana ba ni mamaki. Da farko ya ce kujerar ce, ya sa aka musanya ta da ta baƙi. Sannan ya ce wayar ta tsufa, ya sauka ƙasa ya sayo sabuwa a shagon Sinawa, ya dawo yana cewa lawban, wato mai shagon, ya yi masa rangwame, alamar sa'a ke nan. Ya sauya sunan da yake bugawa da shi har sau uku. Akwai ranar da ya rantse ya bari, ya goge abin daga wayar a gaban abokinsa, kafin la'asar ta washegari na sake jin ƙarar tsakuwar. Ya aika gida a raba sadakar waina, ya kira wani malami ya ce a taya shi da addu'a kan wata harka da ta ƙi ci, bai faɗi wace harka ba. Idan ya faɗi ƙarami sai ya koma babban tebur don ya fanshe gaba ɗaya, can kuma a ci shi da sauri. Fara'arsa ta ragu. Abincin rana da yakan yi mana oda daga gidan abincin da ke hawa na biyu ya daina zuwa. Duk wannan bai taɓa aikin kago ba, domin aikin a hannuna yake, kuma yana tafiya.

Ina cikin cike wata takardar kwastan na ji abokin ya sassauta murya, irin sassautawar da ake yi don na waje ya ji.

"Alhaji, ka zauna ka yi tunani. Yaushe abin nan ya juya maka?"

"Ka san ba na riƙe kwana."

"Ni na riƙe. Tun ranar da ka kira yarinyar nan ta karɓi wayar a hannunta. Ba na ce komai ba fa. Amma ka san akwai matan da ƙafarsu fara ce."

Alhaji bai ƙaryata shi ba. Wannan ne ya fi ɓata mini rai. Na san wannan kalma tun ina ƙarama, na ga matan da aka liƙa wa ita, na ga yadda ake ja da baya idan sun shigo shago. Ba a buƙatar hujja kafin a faɗe ta, kuma wadda aka faɗa wa ba ta da kotun da za ta je. Na yi shekaru ina karatu a harshen da ba nawa ba, na haye teku, ga shi kalmar ta biyo ni har hawa na tara. Na'ura ce take raba kati ga mutanen da ke ƙasashe daban-daban, ba ta san da ni ba, ba ta san da Alhaji ba. An zargi kujera, an zargi waya, an zargi suna. Yatsan da ke danna wayar ne kaɗai ba a zarga ba. Da kayan ɗakin suka ƙare, sai aka leƙo ɗakin waje.

Cikin kwana goma maganar ta zaga. Matar da ke sayar da abinci a hawa na biyu, Bahaushiyar zangon Kumasi, ita ce ta faɗa mini. Ta zuba mini shinkafa da wake, ta zauna kusa da ni ta ce, "Ƙanwata, me kika yi wa maigidanki? Ana cewa tun da kika shiga ofishin nan arzikinsa ya gudu. Har a zauren waya na 'yan kasuwa an yi zancen." Zauren da take nufi shi ne wanda Hausawan garin, na Najeriya da Nijar da Gana, suke aika saƙonni a ciki kan farashin kago da labarin biza da rasuwa da haihuwa. Ba na cikinsa, domin maza ne zalla.

A nan na fahimci yadda aka gyara zancen. Alhaji ba zai iya cewa a karta yake faɗuwa ba. Saboda haka abin da ya fita shi ne harka ta tsaya. Wani ɗan kasuwa da ya shekara yana kawo mana takalma ya kwashe kayansa ya kai ofishin hawa na takwas. Wani kuma ya shigo, ya gan ni, ya ce ya yi mantuwa, bai dawo ba. Mai ofishin hawa na takwas, wanda a da yake yi mini tayin aiki cikin raha duk lokacin da muka haɗu a lif, ya koma gaishe ni yana kallon lambobin hawa.

Sai Alhaji ya kira ni ya ce, "Malama, sito na buƙatar ido. Ki je can ki yi mako guda."

Sito yana bayan gari, tafiyar awa ɗaya da rabi a jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas. Ban taɓa yin fiye da yini guda a can ba, sai ranar lodi. Na gane gwaji ne: a nesanta ni a ga ko sa'a za ta dawo. Na ce to, na ɗauki littafina na tafi.

Wannan mako shi ne mafi muni a zamana na ƙasar. Ina tsaye cikin zafi da ƙurar kwali ina ƙirga kaya, zuciyata tana hawa na tara. Na kama kaina ina fatan a cinye shi. Ni da na ce masa caca ce, ga ni ina jiran sakamakon caca kamar na zuba kuɗi a ciki. Da na lura da haka na ji kunya, sannan na ji haushi. Na yanke cewa ba zan roƙi Allah ya faɗi ba, ba zan roƙa ya ci ba. Mutuncina ba abin da za a ɗora a kan koren tebur ba ne.

Ya ci. Duk wanda ya daɗe yana faɗuwa wata rana zai ci, kuma ranar tasa ta faɗo a makon da ba na nan. Na dawo ran Litinin na tarar da shi cikin sabuwar shadda, ya yi wa dukan hawan odar abinci. Ɗan canjin yana zaune a kan bencin baƙi yana sakace haƙori. Ya ce, "Malama, sannu da zuwa. Iskar sito ta karɓe ki. Mu ma nan iska ta karɓe mu."

Alhaji bai dube ni ba. Ya ce, "Ki ƙara mako biyu a can. In wata ya ƙare sai mu yi magana kan takardarki."

"Wace magana, Alhaji?"

"In lokacin ya yi za ki ji."

Takardar zamana saura wata ɗaya da 'yan kwanaki ta ƙare. Na san maganar.

Akwai wani dattijo, shi ma mutumin Kano, wanda ya fi kowa daɗewa a garin. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan zauna a saman wani gidan abinci a Dengfeng, a kawo masa rigingimu: kwalin da ya ɓace, dillalin da ya yi ha'inci, abokan ciniki da suka saɓa. Ba alƙali ba ne, amma abin da aka yanke a gabansa ya zauna, kuma kafin magariba labarin ya isa kasuwannin gida. Al'adar wurin ita ce mace ba ta kawo ƙara da kanta, sai ta wakilta namiji. Ba ni da wanda zan wakilta, kuma ko da ina da shi ba zan ba wani bakina ba. Na aika wa dattijon cewa ina da magana da Alhaji, na roƙa a kira shi. Ran Juma'a na hau benen ɗauke da littattafai huɗu, biyu na zamanina, biyu na wanda ya riƙe aikin kafin ni.

Mutum goma sha wani abu ne a wurin, ana shan shayi. Alhaji yana gefe, abokinsa yana kusa da shi. Na gaishe da dattijon, na zauna inda aka nuna mini.

Ya ce, "'Yata, ke ce da kanki? To, bismilla. Waɗannan littattafai duk karanta mana su za ki yi? Shayin zai huce."

"Baba, ba zan daɗe ba. An ce tun da na shiga ofishin Alhaji arzikinsa ya gudu, an ce ƙafata fara ce. Maganar ta shiga zauren 'yan kasuwa, ta fara korar masu kawo mana kaya, kuma a kanta ake shirin sallamata."

Na buɗe littattafan a gabansa. Na nuna masa cewa kafin zuwana kwantena ɗaya ake rufewa a wata, wani watan ma sai an haɗa da kayan wani ofis kafin ta cika. A zamanina biyu ake rufewa, gab da salla uku. Na nuna masa shafin ƙorafi na littattafan da, da nawa wanda babu komai a cikinsa. Ya sa tabarau ya bi layukan da yatsa, ya miƙa wa na kusa da shi.

Sannan na ce, "Abu ɗaya nake roƙo, Baba. Alhaji ya faɗa a gaban mutanen nan wace asara ya yi tun zuwana. Ya ambace ta. Idan a cikin kaya take, ga littafi, a nuna mini shafin. Idan ba a cikin kaya take ba, ya faɗi inda take."

Na yi wa kaina alkawari tun daga gida cewa kalmar karta ba za ta fito daga bakina ba. Tona asirinsa ba shi ne ya kawo ni ba. Amma ban ga dalilin da zai sa in sauƙaƙa masa hanya ba.

Alhaji yana juya kofin shayi a hannunsa. Abokin ne ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, ai ba duk arziki ake rubutawa a littafi ba."

Na juya gare shi na ce, "Gaskiya ne. Kai da kake zama da shi a ɗakin ciki kullum tsakanin azahar da la'asar, faɗa wa Baba wanda ba a rubuta ba."

Dattijon ya dubi abokin ta saman tabarau, ya dubi Alhaji, ya daɗe yana dubansa. Ban san abin da ya riga ya sani ba, amma mutumin da ya yi shekaru yana sauraron 'yan kasuwa ba ya buƙatar a ƙarasa masa zance.

Ya ce, "Alhaji, yarinya ta yi tambaya. Akwai asarar, ko babu?"

Alhaji ya ce, "Babu, Baba. Aikinta ba shi da aibu. Magana ce ta fita ba da niyya ba."

"To, madalla. 'Yata, kin ji. A yi haƙuri, a yafi juna, zama ne na baƙunta."

Mutane suka fara gyara zama, alamar an gama. Ni ban tashi ba.

Na ce, "Baba, na yafe. Amma mutum goma sha ne a nan, zauren kuwa ɗaruruwa ne. Inda maganar ta shiga, can nake so gyaranta ya shiga, da muryarsa."

Wani daga baya ya ce, "Kai, wannan 'yar boko ba ta da sauƙi." Aka yi 'yar dariya. Dattijon bai yi ba. Ya ce, "'Yata, babban mutum ne, maigidanki ne. Ki bar masa wani abu."

"Na bar masa abu mai yawa, Baba. Shi ya sani."

Wannan ne karo na farko da Alhaji ya ɗago ya dube ni. Ya ciro wayarsa, sabuwar nan, ya danna ya fara magana. Ya yi sallama, ya yi dogon bayani kan zumunci da sharrin shaiɗan, ya ce a daina yaɗa jita-jita, ya saki. Kafin ya aika na ce, "Alhaji, ba ka ambaci wace jita-jita ba, ba ka ambaci a kan wa ba." Ya goge. A karo na biyu ya ce malamar da ke riƙe masa littafi ba ta jawo masa asarar komai ba, kasuwancinsa ƙaruwa ya yi a hannunta, duk wanda ya ji akasin haka daga bakinsa ko bakin wani ya watsar. Ya aika. Wayoyin da ke ɗakin suka yi ƙara kusan a tare. Na tattara littattafaina, na yi wa dattijon godiya, na sauka.

Ran Litinin ban tafi sito ba, kuma ba a ce in tafi ba. Na zauna a teburina. Bayan azahar abokin ya zo, suka shiga, suka turo ƙofa. Ba a yi awa ɗaya ba na ji an buga tebur. An sake cinye shi, a ranar da na dawo. Ɗan canjin ya buɗe ƙofar kaɗan ya leƙo ya zuba mini ido. Na ajiye biro na zuba masa nawa, ban ƙifta ba, har ya mayar da ƙofar.

Mai takalman da ya koma hawa na takwas bai dawo ba. Wasu sun dawo, wasu sababbi sun zo. Alhaji bai ƙara yi mini raha ba, gaisuwa ce kawai da maganar aiki, kuma na yi rashin wannan fiye da yadda na zata, domin kafin duk wannan ya kyautata mini. Da wata ya ƙare na cike takardun sabunta izinin zamana da kaina, na kai masa ɗakin ciki, na ajiye a gabansa, na nuna masa wurare uku da zai sa hannu. Ya karanta su a hankali, ko da yake na san ba ya jin Sinancin da ke ciki. Ya ce, "Malama, ke ba kya mantuwa, ko?"

Na ce, "Aikin da ka ɗauke ni ke nan, Alhaji."

Ya sa hannu a wuri na farko da na biyu, ya nemi hatimin ofis a aljihun tebur bai gani ba. Na ce yana wurina. Na fita na ɗauko masa, ya buga.